Saki Ukun Injiniya Tamim

Mai karatu, ka taɓa jin an je gaban alƙali neman mafita a kan auren mutanen da ko haihuwarsu ba a yi ba? To ni da idona na gani, a zauren kakana, kuma har yau in na tuna sai na nemi wurin zama.

Akwai wata maƙwabciyarmu a Zariya, Anti Bara'atu, marubuciyar littattafan soyayya ce. Ba irin waɗanda ake bugawa a kai kasuwa ba, nata a waya yake. Kullum da safe in ta sallami yara makaranta ta ɗora sanwa, sai ta ja kujera 'yar tsugunno ƙofar kicin, hannun hagu na juya miya, babban yatsan dama na tafka soyayya. Shafi ɗaya take turawa guruf a rana. Mata ne maƙil a guruf ɗin, daga Sakkwato har Maraɗi, har da waɗanda aure ya kai Makka. In shafi ya makara, kafin azahar an fara tambayar ko lafiya, kafin la'asar an fara zagi. Ta sha ƙona wake saboda jarumi ya tsaya kallon idon jaruma, ta kuma sha bin gidajen maƙwabta da caja a hannu saboda wuta ta ɗauke ana tsakiyar zance. Ni ma ina cikin guruf ɗin, don tunda na gama jami'a nake zaman jiran hidimar ƙasa, ba ni da aikin da ya wuce karatu da sharhi.

Littafin da take kai a lokacin sunansa Zuciya Ba Ta Da Birki. Jarumin, Injiniya Tamim, dogo ne, miskili, ba ya dariya, kamfaninsa na Abuja, ƙamshin turarensa kan riga shi shiga ɗaki. Matarsa Rumana kuwa 'yar malamin firamare ce, Allah ya zuba mata haƙuri da hawaye. Shekara guda da 'yan watanni muna bin su, kamar a gidanmu suke haya.

To, duk mai wannan sana'a zai gaya maka ba zagi ne abin tsoro ba, shiru ne. In marubuciya ta tura shafi ta ga babu mai cewa komai sai "mun gode Anti", ta san mata sun fara leƙa wani guruf ɗin, dole ta girgiza su. Wasu marubutan da hatsarin mota suke girgizawa, wasu da ciwon mantuwa, wasu su tono cewa jaruma ashe ba 'yar gidan ba ce. Ita Anti Bara'atu makaminta saki ne. Da ta ga guruf ya yi sanyi, sai Injiniya Tamim ya ɗaure fuska ya saki Rumana. Nan take waya ta ɗau zafi. Wata ta ce ta kasa cin abinci, wata ta ce ta huce a kan mijinta ba tare da ya yi mata komai ba. Sai a yi ta lallashi da biko har Rumana ta koma, guruf ya cika da guɗa.

Da labari ya zo gangara, Rumana na gidan iyayenta bayan wani sakin, kowa ya san shafin ƙarshe na komawarta ne. Mata suka ce wannan karon ba a waya za a yi ba, biki za a yi na gaske. Aka fitar da anko, atamfa ruwan goro. Aka kama wurin taro. Aka shirya cewa ranar Asabar Anti Bara'atu za ta tsaya a gaban jama'a ta karanta shafin ƙarshe da bakinta. Har wata daga Gusau ta ce ita za ta kawo dubulan.

Ana cikin wannan shiri sai ga saƙon murya daga wata Malama Dije, malamar Islamiyya, wadda tunda aka buɗe guruf ba ta taɓa cewa uffan ba.

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ba mai yawan magana ba ce. Ankona ma yana wurin tela. Tambaya ɗaya gare ni: da wane auren Rumana za ta koma? Ya sake ta a filin jirgi. Ya sake ta ranar da ta fasa masa gilashin mota. Ya sake ta yanzu ta waya. Ni dai a lissafin da aka koya min, uku ke nan."

Ta biyo da hotunan shafukan, ɗaya bayan ɗaya.

Ashe sakin filin jirgi tun farkon littafi ne, lokacin guruf bai cika ba, ita kanta marubuciyar ta manta da shi sarai. A ranta biyu ne.

Kafin magariba guruf ya rabu gida biyu. Masu cewa a koma ko ta halin ƙaƙa, ai labari ne, da masu cewa labari ko ba labari ba, 'ya'yansu mata na karantawa. Ana haka ashe ƙanwar mijin Anti Bara'atu ma tana ciki. Ta kwashe zance ta kai wa yayanta, cewa matarsa na shirin halatta abin da Allah ya haramta a gaban mata cike da ɗakin taro. Shi kuwa bai ja magana ba. Ya ce wa matarsa ko dai ta samo malamin da ya amince da komawar nan, ko kuwa in ta rubuta ta a haka, ta ajiye rubutu a gidansa har abada.

Anti Bara'atu ta shigo gidanmu ido jajur. Ta ce, "Ƙanwata, na shiga uku. In na mayar da ita, rubutu ya ƙare min. In ban mayar da ita ba, matan nan da ankonsu za su cinye ni ɗanya."

Na ce, "Anti, share hawayenki. Kakana tsohon alƙali ne, shari'ar aure ya yi har ya yi ritaya. Kuma ni kaina ina da dabaru sun fi a ƙirga."

Bayan la'asar muka same shi a zaure a kan buzu, rediyo a gefe, yana ɓare goro. Sunansa Alƙali Sambo. Da ganina ya ce, "A'a, amaryata, yau kuma da rakiya aka zo? Ko ƙarata kika kawo?"

Na ce, "Wa zai kai ƙarar tsoho? Baƙuwa na kawo maka, fatawa take nema."

Anti Bara'atu ta durƙusa ta gaishe shi. Kunya ta hana ta faɗin gaskiya, sai ta fara da cewa wata ƙanwarta ce mijinta ya yi wa saki uku, kuma suna son juna kamar su mutu. Kaka ya saurara har ta gama, ya ce to a kawo masa su gobe, shi ba ya yanke hukunci a bayan idon mutane.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ba za su iya zuwa ba."

"Suna nesa ne?"

"Suna... cikin waya."

"To a kira su mana."

Nan fa dole na shiga na warware masa komai, tun daga guruf har anko har sharaɗin maigida. Na zaci zai kore mu. Sai na ga ya kashe rediyo, ya gyara zama, ya sa tabarau. Ashe tsohon kewar aiki yake yi.

Ya ce, "To bismilla. Tunda ke ce mai shigar da ƙara, ke ce shaida, ke ce kuma waliyyin kowa, sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Na filin jirgi, me ya ce mata?"

Ta duba waya ta karanto: "Rumana, na sake ki saki ɗaya."

"Ba kwana-kwana. Yana cikin hankalinsa? Ko fushi ne irin wanda mutum ba ya sanin sama da ƙasa?"

Na yi wuf na ce, "Fushi ne, Kaka! Ya fita hayyacinsa gaba ɗaya!"

Ya ce, "Ke amarya, ba ke na tambaya ba. Karanta min abin da ke gaban wannan."

Anti Bara'atu ta karanta da ƙaramar murya: "Ya faɗa cikin nutsuwa, ba tare da ko ɗaga murya ba, sannan ya gyara agogonsa ya kurɓi shayi."

"Har da shayi?"

"Allah gafarta Malam, haka mata ke son jarumi. In ya yi ihu sai su ce ba shi da aji."

"To ajin ya ci ɗaya. Na biyu fa?"

"A rubuce ya ba ta."

"Da hannunsa?"

"Da alƙalaminsa na zinare. Ya sa hannu, ya sa kwanan wata."

"Shaidu?"

"Direbansa, da mai gadi, da lauyan kamfani."

Kaka ya dube ta ta saman tabarau. Ya ce, "'Yar nan, duk zamana a kotu ban taɓa ganin sakin da aka tsara da kyau irin wannan ba. Da haka mutane ke yi da ban yi furfura da wuri ba. Na uku?"

A nan na ga ƙofa. Na ce, "Kaka, na ukun saƙon waya ne! Sai a ce sace wayar aka yi, wani maƙiyi ne ya tura."

Ya juya wurinta. "An sace?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya kira ta bayan saƙon. Ya ce, ko ba ki gani ba in maimaita miki da baki?"

"Ya maimaita?"

"Ranar guruf ya yi sanyi sosai, Allah gafarta Malam."

Ban karaya ba. Na ce to a ce tagwaye ne, ɗan'uwansa mai kama da shi ne ya yi saki ɗaya daga ciki. Anti ta ce ai kusan kowane shafi sai ta rubuta cewa shi ɗa ɗaya tilo ne, don shi ya sa ya sangarce. Na ce to a ce duk mafarki Rumana take yi, ta farka ta gan ta a ɗakinta. Ta ce tsakanin saki na biyu da na uku Rumana ta haihu, kuma matan guruf na Kaduna har taron suna suka yi da shinkafa da zoɓo, wa zai je ya ce musu mafarki suka ci? Kaka ya ce me zai hana ta goge shafi ɗaya kawai, tunda ita ta rubuta. Ta ce shafin da ya kwana a wayar mace dubu ya fi ƙarfin gogewa, Malama Dije kaɗai ta ishe ta.

Sai wata dabara ta faɗo min, wadda har yanzu nake ganin ta fi ƙarfin a yi mata dariya. Na ce, "Tsaya, Kaka! Ba kai ka taɓa cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa ba?"

"Haka ne."

"To ai tilasta shi aka yi! Shi bawan Allah bai so ba. Anti Bara'atu ce ta sa shi, duk ukun!"

Anti ta ɗago da sauri, fuskarta ta washe. "Wallahi ni ce! Ni na sa shi! Shi yana son matarsa!"

Kaka ya tsaya tauna goro, har na fara murna. Can ya ce, "Madalla. To auren fa, wa ya sa shi?"

"Ni ce."

"Son da yake mata?"

"Ni ce."

"To in abin da kika sa shi ba ya aukuwa, auren ma bai auku ba. Sai ki je ki gaya wa matan Kaduna matsayin yaron da suka ci shinkafar sunansa."

Anti ta dafe ƙirji ta ce, "A'uzubillahi! A bar sakin!"

Wani mai rake ya wuce ta ƙofar zaure yana talla. Daga nan Anti Bara'atu ta matso kaɗan, ta rage murya kamar Malama Dije na laɓe a bayan ƙyaure.

"Allah gafarta Malam, to in ta auri wani fa? In ya rabu da ita, ai ta halatta ga Injiniya."

"In aure ne na gaskiya, aka zauna, rabuwa ta zo don kanta, ta yi idda, ta halatta. In kuwa an ƙulla shi ne don a kashe wuta a koma wa na farko, wannan kin san hukuncinsa, tsinanne ne."

"A'a, shi sabon mijin bai san komai ba. Da zuciya ɗaya zai aure ta. Wani dattijo ne mai kirki, Alhaji... Alhaji Maikano. Yanzu na yi shi."

"Sannu da aiki. To mai kirki da zuciya ɗaya, me zai sa ya sake ta?"

"Ba zai sake ta ba." Ta ɗan yi tari. "Zai yi tafiya ne. A hanya sai wata tirela..."

Kaka ya cire tabarau. "Tirelar wa?"

"Tirela dai."

"Wa zai turo ta?"

Ta kau da kai tana gyara mayafi.

"Wato bawan Allah yana zaman zamansa, ki ɗaura masa aure, ki sa shi ya yi lefe, ya yi gyaran ɗaki, alhali tun kafin a shafa fatiha kin ajiye masa tirela a kwana tana jira?"

"Ba zai sha wahala ba, Allah gafarta Malam. Nan take ne."

"'Yar nan, wannan ya fita daga shari'ar aure. Wannan kisan kai ne da shiri, ko ina kan kujera sai dai in tura ki babbar kotu."

Na ce to a bar tirela, a ba shi ciwon suga mana, ya tafi a hankali. Kaka ya nuna ni da goro ya ce in na ƙara magana zai rubuta ni a matsayin wadda aka haɗa baki da ita.

Anti Bara'atu ta fara hawaye na gaske, irin na Rumana. Ta ce, "Baba, ka duba min. Asabar ce fa. Mata sun ɗinka anko. Wata tun daga Maraɗi za ta taso. Babu ko 'yar ƙofa?"

Tsohon ya yi laushi. Ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Komawa dai babu ita, kuma ba zan ce wa mijinki akwai ba. Amma ni ban ga abin kuka ba. Anko ai na biki ne, ba a rubuta sunan ango a jikin atamfa ba. Ki yi musu bikinsu ranar Asabar, ki aurar da yarinyar nan ga wani, ki bar ta a ɗakinta ta huta. Rubutunki ya tsira, mijinki ya yi shiru, ita ma Malamar ta sa ankonta."

Ta ce, "Su Injiniya suke so."

"Me suke so a jikinsa? Mutumin da ya saki mace yana shan shayi?" Ya girgiza kai, abin ya fara cinsa da gaske. "Ni abin da ya ɗaure min kai ke nan. Na ƙare ƙuruciyata mata na zuwa gabana suna kuka da mazan da suka samu, ina ba su haƙuri, don ba su suka yi su ba, haka suka tarar da su. Ke kuwa an ba ki wuƙa da nama. Tsawonsa ke kika yanka, halinsa ke kika zuba, ko tari ba ya yi sai da izininki. Duk da haka kika zauna kika ƙero miskili mai saki uku! Don Allah wannan karon ki ƙera mata na kirki. Mai sallama da fara'a, mai tambayar ko ta ci abinci, wanda in ta yi kuskure zai ce ba komai, in shi ya yi ya ce ta yafe masa. Wannan ya gagare ki ne?"

Anti Bara'atu ta share ido da gefen mayafi, ta ce:

"Na taɓa ƙera irinsa, Allah gafarta Malam. Mata suka ce su littafin soyayya suka zo karantawa, ba labarin aljanu ba."